Tauraron ɗan adam na ganin hadari, ba ya ganin laimar gona

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san tambayar da ake yi a kasuwa idan an kwana da hadari. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya, sai ka ji ɗaya ya ce, "Ruwan jiya ya kai wajenku kuwa?" Tsakanin garin mai tambayar da na wanda ake tambaya bai fi tafiyar sa'a guda a ƙafa ba, amma ba wanda zai ce tambayar ba ta da dalili. Sau tari amsar ita ce, "Ina! Mu iska da ƙura kawai muka sha." Haka ruwan ƙasarmu yake. Yakan jiƙa gonar gabas sharkaf, ya bar ta yamma da ɗan yayyafin da ko ƙura bai kwantar ba, alhali mai gonakin mutum ɗaya ne.

Wata damina na je gida na tarar da wani matashi, ma'aikacin wata ƙungiya mai tallafa wa manoma, zaune da kawuna a ƙofar gida. Yaron kirki ne, mai ladabi. Ya buɗe wayarsa ya nuna wa Kawu taswirar yankinmu an shafe ta da launin kore, ya ce bayanan tauraron ɗan adam sun nuna ruwan bana daidai yake da na shekarun da aka saba. A lokacin kuwa Kawu ya shuka gero sau biyu: na farko ya tsiro ya ƙone, na biyu yana ta fama. Kawu bai yi masa musu ba. Ya ɗauki fartanya ya ce, "Taso, ɗana, mu je ka gani." Muka je bayan gari ya tona, ramin ko taƙi guda bai kai ba sai ga busasshen yashi. Yaron ya dubi ramin, ya dubi wayarsa, ya ce, "Baba, wallahi abin da aka turo mana ke nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ɗauka wani ya zauna ya shirya taswirar ƙarya ba. Tun daga ranar nake bibiyar yadda ake samar da waɗannan alƙaluma, kuma ga inda na tsaya: ƙiyasin tauraron ɗan adam abin dogaro ne idan ana maganar ƙasa mai faɗi da lokaci mai tsawo, amma bai isa ya zama alƙali a kan gonar mutum ɗaya ko ruwan yini ɗaya ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun fara ɗora shi a kan wannan kujera, muna kuma barin ma'aunan ruwa na ƙasa, waɗanda su ne ke gyara masa kuskure, suna lalacewa.

Mutane da yawa sun ɗauka tauraron yana kallon ruwa na zuba ne yana aunawa. Yawancin alƙaluman da ke zuwa mana ba ta haka ake samun su ba. Taurarin Meteosat na Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 1977, suna can saman Afirka a nisan kusan kilomita 36,000, suna ɗaukar hoto duk bayan minti 15, sababbin ma duk minti 10. Abin da suke aunawa shi ne sanyin ƙololuwar gajimare. Hadarin da ya yi tsawo sosai, samansa kan yi sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili ko fiye, kuma irin wannan hadari shi ya fi zubar da ruwa. Sai a ƙirga sa'o'in da gajimare mai wannan sanyi ya yi a kan wani wuri, a mayar da su milimita. Da wane sikeli ake mayarwa? Da littattafan ma'aunan ƙasa na shekarun baya, inda aka ga cewa a wannan yanki, a wannan wata, sa'a kaza ta gajimare mai sanyi takan ba da ruwa kaza. Wannan ita ce hanyar TAMSAT, aikin Jami'ar Reading da ke Ingila, mai bayanai tun daga 1983. Wani tsarin ƙiyasin, CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda bayanansa suka fara daga 1981, shi ma daga sanyin gajimare yake farawa, sannan ya gauraya da abin da tashoshin ƙasa suka aiko.

Akwai kuma taurarin da ke shawagi ƙasa-ƙasa, a nisan kimanin kilomita 400, ɗauke da rada da wasu na'urori masu iya leƙa cikin gajimaren su ga ƙanƙara da ɗigon ruwa. Amurka da Japan sun harba TRMM a 1997, ya yi aiki har 2015, magajinsa GPM kuma aka harba shi a Fabrairun 2014. Waɗannan sun fi kusa da auna ruwan da kansa, sai dai wucewa suke yi. Hadari na iya haɗowa, ya zubar, ya washe kafin wani tauraron ya sake ratsowa ta kan wurin. Giɓin da ya rage da lissafi ake cike shi. Daga nan ake fitar da IMERG, mai ba da ƙiyasi duk rabin sa'a, a kan murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 11.

Adalci shi ne a faɗi cewa yankinmu na cikin wuraren da dabarar sanyin gajimare ta fi dacewa da su. Ruwan Sahel daga manyan hadura yake zuwa, waɗanda ke tasowa daga gabas su nausa yamma suna tafe da iska a gaba, kuma binciken da aka yi a kewayen Yamai ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan shekara daga irinsu ne. Hadari ne mai tsawo, mai sanyin kai, wanda ba ya ɓuya ga tauraro.

To amma ganin hadari daban, saukar ruwa daban. Mu da muke ƙarƙashinsa mun san yadda ake yi a ƙarshen bazara. Gabas ta yi baƙi ƙirin, tsawa na tashi, mata na kwashe shanya, ana ɗaure dabbobi, can sai iska ta taso ta baje shi. Wani lokaci ruwan yakan sako daga gajimaren har ka hango shi kamar labule, amma iskar da ke ƙasa ta yi zafi ta bushe ƙwarai, sai ɗigon ya ƙafe bai taɓa ƙasa ba. A idon tauraro an yi gajimare mai sanyi na sa'o'i, don haka an yi ruwa. Ban da wannan, hadari idan ya tsufa yakan shimfiɗa wata rumfa ta siririn gajimare mai sanyi wadda ta fi wurin da ruwan ke zuba faɗi nesa ba kusa ba. Garuruwan da ke ƙarƙashin rumfar inuwa kawai suka samu, amma a kan taswira sai a raba musu rabonsu na milimita. A bakin teku da kan duwatsu kuma akasin haka ke faruwa. Can gajimare mai ɗumi, wanda bai yi tsawo ba, yakan wuni yana zuba. Debundscha, a gindin Dutsen Kamaru, tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 10,000 a shekara, kuma a irin waɗannan wurare ƙiyasin da ya dogara ga sanyin gajimare tauye ruwan yake yi.

Shi ma ma'aunin ƙasa ba ma'asumi ba ne. Bakin irin wanda aka saba kafawa a Najeriya bai kai santimita 13 ba, kamar murfin ƙaramin kwano. Iska kan kaɗe ɗigon ya tsallake bakin. Akan kafa shi a fili, bayan shekaru bishiya ta girma ta yi masa rumfa. Mai karantawa kan yi tafiya, ya dawo ya zuba ruwan kwana uku a layin rana ɗaya. Babbar matsalar ma ita ce abubuwa biyu daban ake kwatantawa: ma'auni na ba da labarin ɗigon da ya faɗa cikin murfin kwano, IMERG kuma na ba da matsakaicin abin da ya sauka a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 120.

A nan ne aikin da aka yi a Nijar yake da daraja. Daga 1990, masana na cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, tare da hukumar kula da yanayi ta Nijar, sun kafa ma'aunai kimanin ɗari a wani fili da ke kewayen Yamai wanda kowane gefensa bai wuce kilomita 120 ba. Sunan aikin EPSAT-Niger, kuma manufarsa ita ce a gwada ƙiyasin taurari da ainihin abin da ya taɓa ƙasa. A daminar 1992 an samu wurare biyu da tazararsu ba ta kai kilomita 10 ba, amma bambancin ruwan da suka samu a daminar ya haura milimita 200. Yamai kanta abin da take samu a shekara bai fi milimita 550 zuwa 600 ba. Milimita ɗaya kuwa lita 10,000 ce a kan hekta guda. Wato gari biyu da za su iya faɗawa cikin murabba'i ɗaya na taswira, ɗaya ya cika rumbu, ɗaya ya sayar da akuya ya sayi hatsi. Masana sun tabbatar da ma'auni abin da 'yan kasuwar ƙauye suka daɗe da sani da baki.

Gwaje-gwajen da aka yi ta yi a Afirka ta Yamma tun daga lokacin, kusan bakinsu ɗaya. Idan aka haɗa ruwan wata guda ko na damina sukutum, a kan yanki mai faɗi, ƙiyasin tauraro da ma'aunin ƙasa sukan yi kusa ƙwarai. A kan kwana goma-goma, wanda shi ne ma'aunin lokaci da masu lura da amfanin gona suka fi amfani da shi, da dama-dama. Da an sauko kan ruwan yini ɗaya a wuri ɗaya sai su raba hanya. Kuskuren ma yana da fuska da aka san shi da ita: ƙiyasin yakan yawaita ranakun yayyafi, ya rubuta ɗan ruwa a ranar da ba a yi ba, ya kuma rage ƙarfin ruwan da aka yi kamar da bakin ƙwarya. Jimilla na iya fitowa daidai alhali rabon kwanakin ya karkace.

Manomi kuwa rabon kwanakin ne rayuwarsa. A 1988 wani masanin yanayin noma, Sivakumar, da ke aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'idar gane faɗuwar damina da har yanzu ake aiki da ita a Sahel: daga 1 ga Mayu, a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a cikin kwana 30 da suka biyo baya kada a yi ɗaukewar ruwa da ta wuce kwana bakwai. Dubi abin da wannan ƙa'ida take nema. Ruwan kowace rana take so, a wurin da gonar take, daidai inda tauraro ya fi rauni. Idan ƙiyasi ya yayyafa milimita biyu ko uku na bogi a tsakiyar farin kwana goma sha biyu, a takarda farin ya rabu biyu ya zama ba komai, a gona kuma tsiro ya riga ya ƙone. Ina kyautata zaton irin abin da ya sami geron Kawu ke nan, ko kuma hadarin ya zuba a ɗaya gefen murabba'in aka raba mana a lissafi.

Ba kira nake a yi watsi da taurari ba. Wanda ya san abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa mutane da dabbobi ba zai raina na'urar da ke iya nuna, tun watan Agusta, cewa wani yanki guda na Sahel na cikin matsala ba. Saboda wannan bala'i aka kafa AGRHYMET, cibiyar lura da yanayi da noma ta ƙasashen Sahel, a Yamai a 1974, aka kuma kafa FEWS NET a 1985 domin gargaɗi kan yunwa. A yau akwai dazuzzuka da ƙauyuka a Borno da Zamfara da Tilaberi inda ba ma'aikacin da zai iya zuwa kowace safiya ya karanta ma'auni, tauraro ne kaɗai idon da ya rage. A Ruwanda, bayan kisan ƙare-dangi na 1994, yawancin tashoshin yanayi sun daina aiki na shekaru masu yawa, kuma da bayanan taurari aka cike wannan giɓi daga baya. Haka nan a farkon 2015 asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka, ARC, wanda ke lissafi da ƙiyasin ruwa na taurari, ya biya Senegal da Muritaniya da Nijar sama da dala miliyan 26 saboda farin 2014. Wannan alheri ne, kuma a kan sikelin ƙasa guda aka yi shi, inda ƙiyasin ke da ƙarfi.

Tsorona yana kan inda aka nufa yanzu, wato inshorar da za a sayar wa ƙaramin manomi a ce masa ba sai an zo an duba gonarsa ba, alƙaluman tauraro ne za su yanke ko ya cancanci diyya. Dabarar tana da daɗin ji: ba jami'in da zai nemi na goro, ba dogon jira. Amma ranar da gonarsa ta ƙone taswira ta ce kore ce, gun wa zai kai ƙara, da wace shaida? Abin da ya faru a Malawi ya isa a tsaya a yi tunani. A daminar 2015 zuwa 2016 fari ya jefa mutane sama da miliyan shida cikin buƙatar abinci, amma lissafin ARC ya ce abin bai kai a biya ba. Da aka koma aka bincika, sai aka gano an gina lissafin a kan masara mai daɗewa a gona, alhali manoman sun koma shuka mai saurin nuna, wadda ɗaukewar ruwan ta sama daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Sai a Janairun 2017 aka biya dala miliyan 8.1. Laifin a nan ba na ƙiyasin ruwan ba ne kai tsaye, amma tushen ɗaya ne: an yanke hukunci daga nesa ba tare da an taka gonar ba. Gwamnati ce guda ta yi ta bin bahasi kafin a gyara. Ƙaramin manomi ba shi da wannan ƙarfin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai idan ba a rubuta yoyon a littafi ba, ba mai karɓar maganarsa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne, taurarin nan da ma'aunan ƙasa suke koyon aikinsu. Yawan tashoshin Afirka da ke aika bayanai zuwa manyan rumbunan duniya ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1980. Duk tashar da ta mutu, ƙiyasin yankinta ya rasa mai yi masa gyara. Akwai kuma wani tarko: idan aka gwada CHIRPS da tashar filin jirgin sama wadda tun farko bayananta aka zuba a cikinsa, dole a ga sun dace. Dacewar da aka gani a filin jirgin Kano ba hujja ba ce a kan ƙauyen da ke nisan kilomita 80 daga kowane ma'auni. Duk rahoton da ya ce ƙiyasi kaza ya yi daidai da ƙasa, abin tambaya na farko shi ne da waɗanne tashoshi aka gwada, na biyu kuma ruwan wata ne ko na rana.

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ba da shawarar cewa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu a samu aƙalla ma'auni ɗaya a kowane murabba'in kilomita 575. Faɗin Najeriya ya haura murabba'in kilomita 923,000, ke nan ana buƙatar ma'aunai kusan 1,600 masu aiki kullum, wannan ma mafi ƙaranci. Manyan tashoshin NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ba su kai ɗari ba, da yawansu kuma a filayen jiragen sama suke. Bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ta ci Maiduguri a Satumban 2024, bai kamata a sake buƙatar yi wa kowa bayanin amfanin sanin ainihin ruwan da ke sauka a saman kowace madatsa, sa'a bayan sa'a ba. A farkon 2025 kuma, da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta USAID, shafin FEWS NET ya yi watanni a rufe. Taurarin ba namu ba ne, kwamfutocin da ke lissafin ba namu ba ne. Littafin ma'aunin da ke garinmu shi ne namu.

Maganin kuwa ba mai tsada ba ne, kuma maƙwabta sun gwada. Tun 1982 hukumar yanayi ta Mali ta fara bai wa manoma ma'aunan ruwa masu sauƙi, ta koya musu karantawa, tana kuma ba su shawarar lokacin shuka gwargwadon abin da suka auna da hannunsu. Shirin TAHMO yana kafa tashoshi masu sarrafa kansu a makarantun Afirka, da burin kai wa 20,000. A Burkina Faso, wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna ana iya ƙiyasta ruwa daga yadda yake raunana siginar da ke tafiya tsakanin turakun wayar salula, kuma turakun nan sun cika ƙasarmu. Habasha da Ghana da Mali sun rungumi tsarin ENACTS, inda hukumar ƙasa ke haɗa dukkan ma'aunanta da bayanan taurari ta fitar da taswirar da ta fi kowannensu shi kaɗai inganci.

Najeriya na da mazaɓu 8,809. Da kowace za ta samu ma'auni ɗaya a makarantar firamare ko asibitin shan magani, da kowane ma'auni zai wakilci murabba'in kilomita ɗari da 'yan kai, kusan girman murabba'i guda na IMERG. Jihohi da ƙananan hukumomi za su iya ɗaukar wannan ba tare da jiran kowa ba. A biya mai karantawa ɗan alawus a kan kari, ya tura adadin ta saƙon waya kowace safiya, a riƙa karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a kuma buɗe bayanan ga kowa maimakon a kulle sai wanda ya biya. Ita kuma hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora kada ta amince da kowace inshorar fari ta tauraro sai an nuna sakamakon gwada ta da ma'aunan yankin da za a sayar da ita, an kuma rubuta a yarjejeniya cewa manomi na da ikon ƙalubalantar hukunci da littafin ma'aunin mazaɓarsa.

A firamaren garinmu, lokacin muna yara, akwai ma'auni a bayan ofishin hedimasta, kuma 'yan aji shida ke karɓa-karɓar zuba ruwan a kwalba mai zane su rubuta a allo kafin a shiga aji. Da na je wancan zuwan na leƙa wurin. Dandamalin simintin yana nan, har da ramin da ake zaunar da gwangwanin. Abin da babu shi ne mazurari, da kwalba, da littafi, da malamin da aka ɗora wa alhakin karantawa.